Gasar yaran unguwa: mu cire kyautar kuɗi ko mu bar ta?

Koci_Wunti:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema kafin kwamitinmu ya zauna ranar Asabar. Duk dogon hutu muna haɗa wa yara 'yan ƙasa da shekara 13 gasar ƙwallo a cikin garin Bauchi. Babu hannun gwamnati, babu na kamfani. Mu ne dai, malaman makaranta da masu shaguna da tsofaffin 'yan wasa. Kowane kulob ya biya kuɗin rajista, mu haɗa da ɗan abin da masu hali suka ba mu, mu sayi ƙwallaye da fiyawota, mu sallami alƙalan wasa. Abin da ya saura a raba wa na ɗaya da na biyu.

A bana ina so a cire kyautar kuɗin nan gaba ɗaya. A ba da kofi da jesi da takalma, shi ke nan. Tun da kuɗin ya fara kauri gasar ta daina zama ta yara. Ana kawo mana samari masu shekara 16 da 17 a ce 'yan 12 ne. Yaran da suka yi wata da watanni suna zuwa atisaye sai su ƙare a benci, an ɗauko sojan haya daga wata unguwa. Wanda ya ɓarar da fenariti kuma ya sha zagi har na iyaye. Wasu 'yan kwamitin sun ce in babu kuɗi ba kulob ɗin da zai zo. Me kuka gani?

Sani_Jahun:
Wa alaikumus salam Koci. Ina bayanka. A cire kawai.

Ɗan_Yelwa:
Koci, da girmamawa, ban yarda ba. Kai ma ka san abin da mai riƙe da yara yake kashewa. Ni nake biyan kuɗin Keke Napep zuwa fili. Ni nake sayen omo a wanke jesi. Yaro ya yi targaɗe ni zan kai shi wurin mai ɗori, uban sai dai ya kira ni yana faɗa. Shekara guda ina fitarwa daga aljihuna, wannan kyautar ce kaɗai hanyar da wani abu zai dawo. In ka cire ta, ka hukunta masu gaskiya saboda laifin masu maguɗi. Ka kori mai maguɗin mana.

Koci_Wunti:
Ɗan_Yelwa, na san wahalarka, tare muke shan ta. Amma duba lissafin. Kulob 16 suka biya, biyu ne za su samu wani abu. Sauran 14 fa, wa ya mayar musu? Kuma saboda kowa yana son ya shiga cikin biyun nan ne ake ɗauko manya.

Malama_Hauwa:
Ni malamar firamare ce, kuma ina ganin maganar shekaru tana da magani ko da kuɗi ko babu. Ku daina karɓar takardar rantsuwa ta kotu, wadda kowa zai iya zuwa ya faɗi shekarun da ya ga dama. Ku nemi takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, ku haɗa da katin sakamakon jarrabawa na zangon da ya wuce, da sa hannun hedimasta. Sai mutum biyu daga kwamiti su je makarantar su duba rajistar aji da idonsu. Yaron da ke aji biyar ko shida na firamare ko JSS 1, malamansa sun san shi, abokan ajinsa sun san shi. Da wuya a haɗa baki da mutum arba'in.

Bakaro_Boy:
Malama, almajirai fa? Mafi iya ƙwallo a layinmu ɗan tsangaya ne, ba shi da katin makaranta, iyayensa suna can wajen Darazo. Da wannan dokar kin fitar da shi. Kuma irinsu ne suka fi buƙatar wurin da za a ce da su sannu.

Malama_Hauwa:
Gaskiyarka ƙanena, bai kamata a rufe musu ƙofa ba. A irin wannan sai alaramman ya tsaya masa, da mai unguwa. Abin da nake gudu shi ne a bar koci shi kaɗai ya zama shaidar shekarun yaron da yake son ya ci masa kofi.

AbuKhalil:
Me zai hana a yi musu MRI kamar yadda ake wa Golden Eaglets, ƙungiyar Nijeriya ta 'yan ƙasa da 17? An gama magana.

Nas_Azare:
AbuKhalil, wannan ba zai yi muku aiki ba, ko da kuna da kuɗinsa. Bari in bayyana. Hoton wuyan hannu ake ɗauka, a duba wurin da ƙashi ke ƙara tsawo. Muddin yaro yana girma, wurin a buɗe yake. In ya rufe ruf, ana ɗauka mai shi ya wuce 17. Tambaya ɗaya ke nan gwajin yake amsawa, shi ya sa ake yinsa a gasar 'yan ƙasa da 17. Ɗan shekara 12 da ɗan 15 duk ƙashinsu bai rufe ba, don haka ba zai raba muku su ba. Kuma ko a 17 ɗin akan samu yaro mai shekarun gaskiya wanda ƙashinsa ya riga ya haɗe da wuri.

FIFA ta shigo da gwajin ne a gasar duniya ta 2009 da aka yi a nan Nijeriya. A 2016 kuma 'yan wasa 26 na sansanin Eaglets suka faɗi gwajin ana dab da karawa da Nijar, Nijar ta fitar da mu, alhali mu ke riƙe da kofin duniya na 2015. Waɗannan yaran ba a sansanin suka koyi rage shekaru ba. Daga irin filayenmu aka fara koya musu.

Tsohon_Gola:
Allah ya saka da alheri Nas. Ai 2009 ɗin nan har a filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa aka buga wasu wasannin, mun je mun kalla da idonmu. Switzerland ce ta ci mu ɗaya da nema a wasan ƙarshe a Abuja.

Ina so in faɗa muku abin da rage shekaru ke yi wa shi wanda aka rage wa, don kullum maganar wanda aka zalunta a fili ake yi. A zamaninmu koci ne ke riƙe takardun kowa, shi ke gaya maka shekarar da aka haife ka. Kana da 18 kana buga wa 'yan 14, kowa na cewa ba a taɓa ganin irinka ba. Ba iyawa ba ce, ƙarfi ne da tsawon ƙafa. Ba ka koyi sakin ƙwallo da wuri ba, ba ka koyi neman gurbi ba, tunda da kafaɗa kake ture kowa. Ranar da aka haɗa ka da sa'anninka na gaske sai ka ga ba ka san komai ba, lokacin koyo kuma ya wuce. Na ga masu baiwa da yawa sun ƙare a haka. Ga kuma rikicin takardu: shekarar da ke WAEC daban, ta NIN daban, ta fasfo daban. Akwai abokin wasana da wannan ya hana shi aikin ɗamara.

Sani_Jahun:
Baba Gola, wannan magana taka ya kamata a karanta wa kowane koci kafin a buɗe gasa.

Maman_Sadiq:
Ku yi haƙuri in shigo a matsayin uwa. Ku kuna ganin yaran a fili, mu muke ganinsu a gida. Nawa shekararsa 12. Daren da za su buga wasa ba ya iya cin tuwo, da asuba cikinsa ya ɗauki ciwo. Ya taɓa ɓoye min kumburin gwiwa, yana ɗingishi a ɓoye, don kocinsu ya ce duk wanda ya huta ya rasa lambarsa. Sai da na ga ya kasa durƙusawa a sallah na gane.

Kuma ba koci kaɗai ba ne. Mu ma iyaye muna da namu. Babansa na ƙaunarsa, amma kullum zancen shi ne kai ne za ka fitar da mu, kai ne Ahmed Musan gidan nan. Yaron da ko wankin kayansa bai gama iyawa ba an ɗora masa kuɗin haya da auren yayyensa. Da ƙwallo abin murna ce a wurinsa, yanzu in an ci su sai ya zauna a zaure ya ƙi shigowa.

Koci_Wunti, ni dai in cire kuɗin zai sa a daina yi wa ɗana tsawa kamar ya kashe mutum, a cire.

Ɗan_Yelwa:
Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Kocin da ya sa yaro wasa da kumburin gwiwa bai cancanci riƙe yara ba, wannan ba na jayayya. Amma ko kofin roba aka saka, mai irin wannan hali zai yi abinsa. Suna yake nema.

Ustaz_Gwallaga:
Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba. Koci ya ce daga kuɗin rajista ake fitar da kyautar. Malamai da dama suna ganin idan masu gasa ne suka tara kuɗi daga aljihunsu, wanda ya ci ya kwashe, wanda aka ci ya yi asara, to abin ya shiga sifar caca. Idan kuwa wani ne daga waje, wanda ba ya cikin gasar, ya ce ga kyauta ga wanda ya yi nasara, wannan babu laifi. Saboda haka ko za a bar kyautar, a raba asusun biyu. Kuɗin rajista ya tafi hidima kawai: ƙwallo, ruwa, alƙalai, magani. Kyauta ta fito daga mai bayarwa.

Sannan ina roƙo a duba lokaci. Atisayen yawancin kulob yana faɗawa ne daidai lokacin Islamiyya, bayan la'asar, wasa kuma ya ja har a kira magariba yara na fili. Ba gaba muke da ƙwallo ba. A zauna da malaman a raba ranaku, Alhamis da Juma'a ai babu karatu a yawancin makarantun.

Koci_Wunti:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Wannan zan kai wa kwamiti yadda ka faɗe shi.

Rafali_Misau:
Tunda an ambaci caca, ku bari wanda ke tsakiyar fili ya yi magana. Babbar matsalar ba kyautar kwamiti ba ce. Manyan da ke tsaye a bakin layi suna ɗaure kuɗi a kan wasan yara, su ne. Mutum ya saka kuɗinsa a kan unguwarsu, to yaron da ya zubar da ƙwallo ya zama maƙiyinsa, ni da na busa fenariti na zama maƙiyinsa. An taɓa raka ni har bakin titi da jifa a kan wasan 'yan shekara 12. Yaran da kansu sun riga sun gaisa suna shan ruwa tare.

Ba albashi muke karɓa ba, ɗan kuɗin mota ne. In kuna son gyara ku ja igiya tsakanin 'yan kallo da fili, ku sa dattawan unguwa su zauna a gaba, kuma a rubuta cewa kulob ɗin da magoya bayansa suka shiga fili an cire shi. A aiwatar sau ɗaya a kan kulob mai ƙarfi, sauran za su shiga taitayinsu.

Bello_Pantami:
Gaisuwa daga Gombe. Ni ina tsoron abu ɗaya ne. Mu nan mun san abin da dabar Kalare ta yi wa samarinmu, ku ma kun san 'yan dabar Sara-suka. Yaron da ke fili daga la'asar zuwa magariba, ya koma gida a gajiye, ba shi da lokacin zama a kangon da ake shaye-shaye. Idan cire kuɗi zai sa kociyoyi su watse, yaran nan ina za su? Gasa mai matsala ta fi babu gasa. A gyara a hankali, kada garin neman gira a rasa ido.

Jekadafari_1:
Bello, mu a ɓangarenmu mun gwada ba da kaya maimakon kuɗi. Kulob biyu sun janye, kuma su ne dama aka fi kuka da su kan manyan 'yan wasa. Sauran sun zo. Abin da ya ba ni mamaki, iyaye sun fi sakin 'ya'yansu da suka ji takalma da littattafai za a raba.

Nas_Azare:
Bello ya ambaci shaye-shaye, to kada mu ɗauka fili ya tsira. Akwai masu ba yara Tramadol ko su jiƙa musu wani abu a gora wai don kada su gaji. Tramadol na iya jawo farfaɗiya, yana kama mutum ya kasa bari, kuma yana rufe ciwon da ya kamata ya tsayar da yaro. Duk kocin da aka kama da wannan ba maganar kora daga gasa ba ce kawai, maganar NDLEA ce.

Sai zafi. A watan Maris da Afrilu garuruwanmu na kaiwa digiri 40, amma sai a sa wasan yara ƙarfe biyu na rana don manya su samu filin da yamma. Jikin yaro ba ya jure zafi yadda muke zato. A buga da safe ko bayan la'asar sosai, a tsaya shan ruwa a tsakiyar kowane zagaye, kada a ba su minti 45 irin na manya, 25 ko 30 ya isa. Ƙwallo ma lamba 4 ce tasu, ba lamba 5 ba. Wanda ya yanke jiki ya faɗi ba tare da an taɓa shi ba, ba ruwa za a kwara masa a jira ba, a duba numfashi, in ba ya numfashi daidai a fara danna ƙirji, a nemi mota. Samuel Okwaraji a fili ya faɗi a Legas a 1989, Chineme Martins na Nasarawa United a Lafiya a 2020. Manya ke nan masu ƙungiya a bayansu. In kun rasa inda za ku kai kuɗin kyautar, ku sayi akwatin agajin gaggawa, ni zan zo in koya wa kociyoyi kyauta.

Zainab_FadamanMada:
Duk zancen nan na maza ne. Mu a makarantarmu akwai 'yan mata masu gudu da ƙwallon hannu, daga gasar gidaje ta shekara shi ke nan, sai wata shekarar. Asisat Oshoala ta Nijeriya sau shida tana zama gwarzuwar ƙwallon ƙafar mata ta Afirka. Ba na cewa a haɗa su fili ɗaya da maza, amma a cikin harabar makaranta, da malamai mata, da suturar da iyaye za su yarda, me zai hana?

Malama_Hauwa:
Zainab, ki neme ni ta akwatin saƙo. Wannan namu ne mu fara, ba sai mun jira su ba.

Kawu_Ningi:
Ina so in koma kan maganar Maman_Sadiq ta fitar da gida daga talauci, don a nan masu cuta ke shigowa. Maƙwabcina ya sayar da gonar gado ya ba wani da ya ce shi ejan ne, zai kai ɗansa mai shekara 15 gwaji Turai. An kai yaron Legas, aka ajiye su a wani ɗaki su da yawa, daga baya wayar mutumin ta daina shiga. Da kuɗin mota na aro yaron ya dawo, jarrabawarsa ta wuce. A irin gasar unguwa mutumin ya gan shi, ya zo da babbar mota yana ɗaukar bidiyo.

Lauya_A:
Allah ya mayar masa da alheri, Kawu. Ga abin da ya kamata kowane uba ya sani. Dokar FIFA, sashe na 19 na ƙa'idojin sauya sheƙa, ta hana kai ɗan wasa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi, kamar iyayensa su ƙaura can don dalilin da ba na ƙwallo ba. Shi kansa Ahmed Musa, bayan ya ci ƙwallo 18 a gasar Nijeriya da Kano Pillars, sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holand. Wanda ya ce zai sa ɗanka mai 15 a kulob ɗin Turai, kuma kai za ka biya, ka riƙe kuɗinka.

Ɗan_Yelwa, wannan kuma naka ne. Akwai kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayen ɗan wasa tsakanin ƙasa da ƙasa da ake raba wa kulob ɗin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Amma sai kulob ɗinka na da rajista da hukumar ƙwallo, yaron ma an yi masa rajista da sunanka. In ka rage masa shekara huɗu, a takarda shekarun da ya yi a hannunka sun koma ƙasa da 12, ka fitar da kanka daga rabon da hannunka. Ba kowane yaro zai kai can ba, ƙalilan ne ƙwarai. Amma in akwai hanyar halal da wahalar koci za ta dawo, wannan ce.

Ɗan_Yelwa:
Barista, wallahi ban san da wannan ba, na gode. Zan bincika maganar rajistar. Sai dai wannan abu ne na shekara goma nan gaba, in ma ya zo. Kuɗin Keke na ranar Laraba fa?

Tsohon_Gola:
Tambayarsa na kan hanya. Wikki Tourists ta ɗauko kofin ƙalubale a 1998, Bauchi ta karɓi bikin wasanni na ƙasa a 2000, Gombe na da Gombe United da Doma United. Duk 'yan wasan da irin waɗannan kulob ke ɗauka a gida, wani ne ya fara koya musu a filin ƙasa ba a biya shi ko sisi ba. In ana son a daina maguɗi, a duba cikin mutanen nan ma.

Koci_Wunti:
Na karanta duka, Allah ya saka wa kowa. Ga abin da nake tunanin kaiwa ranar Asabar. Kuɗin rajista hidima kawai, kamar yadda Malam ya ce. Abin da masu hali suka bayar, maimakon kulob biyu su kwashe, a raba wa kowane kulob kuɗin mota daidai wa daida a duk ranar da yake da wasa. Na ɗaya ya ɗauki kofi da jesi. Tantancewa ta hanyar Malama, da alaramma ga 'yan tsangaya. Kuma duk yaron da aka rubuta sunansa sai ya taɓa ƙwallo a kowane wasa, ko na minti goma ne.

Ɗan_Yelwa:
Kuɗin mota na yarda. Amma dole kowa ya buga, har a wasan ƙarshe? Wannan kam a'a. Gasa ce, dole yaro ya san ana samun wuri ne da ƙoƙari.

Maman_Sadiq:
Ƙoƙarin ai ya yi shi tun da yake zuwa atisaye kullum. Nasu ne wasan ko naku?

Rafali_Misau:
In za a yi dokar kowa ya buga, sai an yarda wanda aka cire ya iya komawa, kuma a ba ni mutum ɗaya a bakin layi mai riƙe takarda. Ni kaɗai ba zan iya busa ina ƙirga mintin yara 18 ba.

Bello_Pantami:
Ni har yanzu ina ganin a bar wa zakara ɗan wani abu a ambulan, ko yaya yake, don kada manyan kulob su ƙaurace. Koci, nawa ne cikin 'yan kwamitin ke tare da kai?

Koci_Wunti:
A yanzu dai mun rabu biyu, shugaban kuma bai nuna inda ya karkata ba. Rafali, kai da Nas ku zo zaman in da hali, bayan la'asar ne. Ɗan_Yelwa, kai ma ka zo ka faɗi naka da bakinka, kada a ce na yi maka wakilci.